Serendipity, fluke ko windfall: wace kalmar Turanci ta dace da wace irin sa'a?

Mai rubutu da Turanci, ɗalibi ne mai cike takardar neman gurbin ƙaro karatu, ko ɗan jarida, ko mai fassara, ba ya rasa ranar da zai so ya ce alheri ya samu ba tare da an shirya masa ba. Da ya buɗe ƙamus sai kalmomi su zubo masa: *serendipity*, *fluke*, *windfall*, *godsend*, *lucky break*, *happy accident*, *blessing in disguise*, *fortuitous*. Yawancinmu muna fassara su duka da “sa'a” mu wuce. Amma mai jin harshen sosai yana jin abin da ya fi sa'a a cikin kowacce. Kowace ɗaya hukunci take yankewa a kan wanda abin ya samu: yana da hannu a ciki ko babu, ya cancanta ko bai cancanta ba, zai iya maimaitawa ko shi ke nan. Wata tana ƙara masa daraja, wata tana zubar masa da ita, wata kuma tana raɗa wa mai sauraro cewa abin nan da ya samu ya kamata a yanki wani abu a ciki. Saboda haka zaɓen ba na ado ba ne. Da kalma ɗaya kana iya muzanta wanda ka yi niyyar yabo.

Bari mu fara da wadda aka fi ƙauna kuma aka fi ɓata wa ma'ana, wato *serendipity*. Tana cikin 'yan kalmomin da aka san ranar haihuwarsu. Horace Walpole, marubuci kuma ɗan majalisar dokokin Ingila, shi ya ƙirƙire ta a cikin wasiƙar da ya rubuta wa abokinsa Horace Mann ranar 28 ga Janairu, 1754. Ya ciro ta ne daga wata tatsuniyar Farisa ta 'ya'yan sarkin Serendip su uku. Serendip ɗin nan ita ce Sarandib ta littattafan Larabawa, tsibirin da yau ake kira Sri Lanka. A cikin tatsuniyar, 'yan sarkin sun gamu da wani mutum da raƙuminsa ya ɓata, suka siffanta masa shi alhali ba su taɓa sa shi a ido ba: ido ɗaya gare shi, yana da giɓi, kuma yana ɗingishi. Da aka tuhume su da sata sai suka yi bayani. Sun lura ciyawar gefe ɗaya na hanya kaɗai aka ci, ga ta ɗaya gefen ta fi kyau ba a taɓa ta ba, suka gane idon wancan ɓangaren ba ya gani. Sauran siffofin ma daga sawu da ragowar ciyawa suka karanto su. Akwai irin wannan labari a littattafan tarihin Larabawa, na 'ya'yan Nizar, kuma a can firasa ake kiran wannan baiwa.

Sharuɗɗan da Walpole ya gindaya a bayyane suke. Mutum ya gano abin da ba shi ya fita nema ba, kuma ya gano shi ta haɗuwar abu biyu, katari da basira. In babu basirar, kalmar ba ta zauna ba.

Shi ya sa tarihin kimiyya ya zama gidanta. A watan Satumba na 1928 Alexander Fleming ya dawo daga hutu zuwa ɗakin bincikensa a asibitin St Mary's da ke Landan, ya tarar fumfuna ta kama ɗaya daga cikin farantan da yake renon ƙwayoyin cuta a ciki. Faranti ya lalace, abin da aka saba shi ne a wanke a sake. Shi kuwa ya lura cewa kewayen fumfunar ƙwayoyin cutar sun mutu, ya tsaya ya tambayi dalili. Daga nan fenisilin ya samo asali, ko da yake sai da Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford suka kwashe shekaru suna wahala kafin ya zama maganin da za a iya ba majiyyaci, kuma su ukun suka raba kyautar Nobel a 1945. Kafin wannan, a 1856, wani yaro ɗan shekara 18 mai suna William Perkin yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya ƙare da wani baƙin dattin da ba shi da amfani. Wajen wanke kwalbar ya ga ruwan ya rine shunayya, ya gwada a kan siliki ya ga ya kama, kafin a ce haka ya bar makaranta ya kafa masana'antar rini. Misalin da ya fi burge ni shi ne na George de Mestral, injiniya ɗan ƙasar Suwizalan. A 1941 ya dawo daga yawo a daji ya tarar 'ya'yan wata ciyawa mai halin ƙarangiya sun manne wa wandonsa da gashin karensa. Mutane nawa ne suka cire irin wannan abu suna tsaki tun da aka halicci duniya? Shi sai ya sa ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne ke kama zare. Ya shafe fiye da shekara goma yana gwaji kafin ya fito da Velcro, mannin nan da ke jikin takalman yara da jakunkuna. Louis Pasteur ya riga ya faɗi ƙa'idar a wata lacca da ya yi a birnin Lille a 1854, cewa a fagen lura, dace ba ya zuwa sai ga zuciyar da ta shirya.

To a yau kalmar ta yi laushi. Za ka ga an sa ta a kan haɗuwa da tsohon aboki a tasha, an raɗa wa shaguna da wuraren shan shayi sunanta, kuma ƙamus na zamani sun karɓi wannan faɗaɗawa. Duk da haka shawarata ita ce ka riƙe ta da tsauri. Ka yi amfani da ita in ana maganar ganowa, ko haɗuwa da ta haifi wani abu, kuma in akwai wanda ya buɗe ido ya gane abin da ke gabansa. Kada ka sa ta a kan kuɗi, ko cin jarrabawa, ko ƙwallon da ta shiga raga. Wanda ya ci gasar kati bai yi *serendipity* ba, domin abin da ya nema shi ya samu, kuma babu basirar da ya nuna.

*Fluke* ita ce kishiyarta ta gaskiya. Ta fito ne daga teburin biliyad, ɗan'uwan sinuka, a tsakiyar ƙarni na 19, inda ake kiran bugun da ya shiga rami ba da niyyar mai sandar ba da wannan suna. Har yau wannan ƙamshi yana jikinta. In ka ce nasarar wani *fluke* ce, ka ce ba gwanintarsa ba ce, kuma in aka ce ya sake ba zai iya ba. Kalmar ƙwace yabo ce. Masu kallon ƙwallo sun san gardamar da ta fi kowace fito da ita fili: bugun tazarar da Ronaldinho ya yi wa Ingila a kwata-fainal na gasar cin kofin duniya ta 2002, daga can nesa a gefen dama, ƙwallon ta haye kan mai tsaron gida David Seaman ta faɗa raga, Barazil ta ci 2-1. Turawan Ingila da yawa sun ce ɗagawa ya yi don abokan wasansa su sa kai, ƙwallon ta yi gaban kanta, wato *fluke*. Shi kuwa ya dage cewa ya hango golan ya fito ne ya auna shi. Ka ga duk rigimar a kan niyya take, kuma kalmar da ka zaɓa ita ke nuna ɓangaren da ka tsaya.

Akwai kuma iyakar da ba ta tsallakewa, wato maimaici. Da Leicester City ta ɗauki kofin Firimiya a kakar 2015/2016, bayan kamfanonin caca sun sa yiwuwar hakan a ɗaya cikin 5,000, wasu sun yi saurin kiran abin *fluke*. Wannan zalunci ne. Wasa 38 aka buga, sau uku kacal aka doke su, suka gama da maki 81, tazarar maki 10 tsakaninsu da Arsenal da ta zo ta biyu. Ƙwallo ɗaya tana iya shiga bisa kuskure, amma wata tara na nasara ba ya zama kuskure. Kalmomin da suka dace da su wasu ne: *underdog* ga wanda aka raina, *dark horse* ga wanda ba a san ƙarfinsa ba sai da ya wuce kowa. Waɗannan suna nuna mamakin 'yan kallo ba tare da sun taɓa mutuncin ɗan wasa ba.

Wurare biyu ne nake ganin *fluke* tana da kyau. Na farko, in mutum yana maganar kansa cikin tawali'u a hira ta yau da kullum. Na biyu, in an kore ta: “it was no fluke” yabo ne mai ƙarfi, ana faɗarsa bayan mutum ya maimaita nasara ya rufe bakin masu shakka. A takardar hukuma ko wasiƙar neman aiki kuwa ba ta da wurin zama, kuma kada ka kuskura ka faɗe ta a kan malaminka ko shugabanka a wurin aiki.

Turancin Ostareliya yana da wata magana da ta tsaya a kan iyaka, “doing a Bradbury”. A gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Salt Lake City a 2002, Steven Bradbury yana can baya a wasan ƙarshe na tseren zamiya a kan ƙanƙara na mita 1,000, sai mutum huɗun da ke gabansa suka yi karo suka zube a kwanar ƙarshe, ya zo ya wuce ya ɗauki zinare, na farko da ƙasarsa ta taɓa samu a wasannin hunturu. Wanda ya ga daƙiƙun ƙarshe kaɗai zai ce *fluke*. Amma mutumin nan Olamfik ɗinsa ta huɗu ke nan, ya taɓa karya wuya wajen atisaye ya dawo, kuma da gangan ya tsaya baya domin ya san ba zai iya gudunsu ba, ya kuma san a irin wannan tsere faɗuwa ba baƙuwa ba ce. Na kawo shi ne don a ga cewa abu ɗaya yana iya karɓar kalma biyu, gwargwadon inda mai ba da labari ya fara ƙirga.

Irin wannan ne ya kai mu ga *lucky break*, wadda a ganina ita ce ta fi amfani ga mai ba da labarin rayuwarsa ko ta wani. Ma'anarta ƙofa ce ta buɗe ba zato. Ba ta ce ka iso ba, ta ce an ba ka dama, sauran aiki naka ne. Ɗan wasan da ke zaune a benci aka sa shi saboda wani ya ji rauni ya kuma yi abin kirki, matashiyar da aka ba karanta labarai ranar da mai karantawa ba ta zo ba, duk wannan *lucky break* ne, kuma in damar ita ce ta juya rayuwar gaba ɗaya sai a ce *big break*. Tana raba yabo daidai, rabi ga dace rabi ga mutum, shi ya sa ba ta jin girman kai kuma ba ta jin ƙasƙanci. 'Yar'uwarta *stroke of luck* ta fi ta sauƙi, abu ne na lokaci ɗaya da ba lallai ya buɗe wata hanya ba, kamar ka iso tasha a makare ka tarar motar ma ba ta tashi ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama ke nan.

Da zarar maganar ta zama ta dukiya, sai a koma wani gida dabam. *Windfall* asalinta 'ya'yan itace ko reshen da iska ta kayar, wanda mai wucewa zai tsinta bai hau ba bai sara ba, kuma kalmar ta haura shekara ɗari biyar a harshen. Bahaushe yana da hoton nan kusan sak: tsintar dami a kala, ko tsuntsu daga sama gasasshe. Gadon da ba a zata ba, filin da titi ya ratsa kusa da shi farashinsa ya ninka, hatsin da ka ajiye kasuwa ta tashi, duk *windfall* ne. Abin lura shi ne tana ɗauke da wata 'yar tuhuma, cewa ba guminka ba ne. Daga nan aka samu *windfall tax*, harajin ribar da ta faɗo daga sama. Gwamnatin Birtaniya ta ɗora irinsa a 1997 a kan kamfanonin wuta da ruwa da sauransu da aka sayar wa 'yan kasuwa, ta tara kimanin fam biliyan 5. Ta sake yin haka a 2022 a kan kamfanonin mai da gas, da kashi 25 cikin ɗari a farko, bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya cilla farashi sama. A Najeriya ma kalmar ba baƙuwa ba ce ga mai karanta jarida. Rarar kuɗin mai ta lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1990 zuwa 1991 har yau *Gulf War windfall* ake kiranta, kuma ba a ambatonta ba a tuna rahoton kwamitin Pius Okigbo na 1994 da dala biliyan 12.4 da ya yi magana a kai ba. Saboda haka in ka rubuta cewa ribar wani ɗan kasuwa *windfall* ce, ka sani ka ce bai yi mata aiki ba. In ya yi, to *profit* ce ko *reward*, ka ba shi haƙƙinsa.

*Jackpot* daga teburin karta ta fito, tarin kuɗin da ke jiran mai kati mai kyau, kuma warin caca bai bar ta ba ko da an ce wani “hit the jackpot” wajen samun matar kirki. Ta hira ce kawai, kusa da abin da muke nufi da kakarsa ta yanke saƙa. *Bonanza* kuwa aro ce daga Sifaniyanci, ta shiga Turancin Amurka ta bakin masu haƙar ma'adinai a kan jijiyar azurfa ko zinare mai kauri. Tana nuna yalwa mai ɗorewa na ɗan lokaci, ba faɗuwa ɗaya ba. A tallace-tallacen Najeriya ta koma garaɓasa, amma a jaridun waje za ka fi ganinta a kan shekarun da wata sana'a ko ƙasa ke kwasar arziki.

*Godsend* ba ta damu da yawan abin ba, ta damu da buƙata da lokaci. Ruwan sama bayan shuka ta fara yaushi, maƙwabcin da ya iya gyaran janareto a daren biki, rijiyar burtsatse a unguwar da ake sayen ruwa, waɗannan ne *godsend*. Naira dubu biyar ga wanda ke tsaye a kantin magani tana iya zama *godsend*, miliyan biyar ga attajiri kuwa *windfall* ce kawai. Akwai kuma *manna from heaven*, wato mannu ɗin nan da aka saukar wa Banu Isra'ila tare da salwa, wanda mai karatun Alƙur'ani ya sani a cikin Baƙara. Ko da sunan Allah yana cikin *godsend*, a Turancin yau har wanda ba ya addini yana faɗarta ba ya jin komai. Wanda ke son ya nuna da gaske cewa hannun Ubangiji yake gani, kalmarsa ita ce *providential*, mai nauyi ce kuma ta rubutu. Na san da yawa cikinmu zuciyarsu ba ta kwanciya da *luck*, domin tana jin kamar abu ya faru babu mai hukunta shi. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma harshen yana da mafita: *providential*, *blessed*, ko *fortunate* wadda zan dawo kanta.

A gwada waɗannan a kan abu ɗaya da ya faru a ƙasarmu. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani katako mai tauri a can ƙasa. Ashe kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, wanda masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono a 1994, gwaji kuma ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Me za a kira wannan? Ɗan jarida mai taka-tsantsan zai ce *chance find* ko *chance discovery*, kuma bai yi kuskure ba. Ni kam zan ba makiyayin *serendipity* cikakkiya, domin ruwa ya fita nema, ya samu wani abu dabam, kuma bai fasa katakon ya ci gaba da haƙa ba, ya gane ba abin banza ba ne har labari ya kai ga hukuma. Ga masu binciken kuwa, waɗanda abin ya zo musu ba su nema ba, *windfall* ce ta ilimi. *Fluke* ba ta dace da kowa a cikinsu ba.

Sai rukunin da sharri ke fara zuwa kafin alheri. *Blessing in disguise* ita ce babbarsu, kuma mu ma muna da ita: wani hani ga Allah baiwa ne, ko gaba ta kai ni gobarar Titi. Sharaɗinta shi ne a ƙarshe alherin ya rinjayi asarar, kuma ya zamana asarar ce ta haife shi. A garin Enterprise da ke jihar Alabama a Amurka akwai mutum-mutumin da aka kafa a 1919 don girmama wani ƙwaro, *boll weevil*, wanda ya cinye audugar manoman yankin. Da auduga ta gagara sai suka koma noman gyaɗa da wasu amfanin gona, suka samu abin da auduga ba ta taɓa ba su ba, har suka ga ƙwaron ya cancanci godiya. Wannan shi ne ma'anar maganar ba ragi. Kada a haɗa ta da *silver lining*, wadda ke nufin musibar tana nan daram, sai dai akwai ɗan haske a gefenta. Wanda aka kora daga aiki ya kafa sana'ar da ta fi albashinsa ya samu *blessing in disguise*. Wanda aka kora har yanzu yana nema, amma aƙalla yana samun zama da 'ya'yansa, *silver lining* ya samu. Duka biyun kuma mai abin ne ya kamata ya fara faɗa, bayan lokaci ya wuce. Faɗa wa wanda shagonsa ya ƙone jiya cewa wannan *blessing in disguise* ne rashin tausayi ne, a kan rasuwa kuwa ba a faɗarta sam.

*Happy accident* ta fi waɗannan ƙanƙanta da fara'a. Kuskure ne a cikin aiki da ya fito da kyau: tela ya yanka ba daidai ba ɗinkin ya fi wanda aka tsara, mai girki ta sa abin da ba shi ta nufa ba miyar ta fi daɗi. Wani mai koyar da zane a talabijin ɗin Amurka, Bob Ross, shi ya ƙara yaɗa ta, domin ya saba gaya wa masu kallo cewa a zane babu kuskure sai irin wannan. Takardar manni ta Post-it ma haka ta fara. A 1968 Spencer Silver na kamfanin 3M yana neman gam mai ƙarfi ya samu mai rauni wanda ke ɓanɓaruwa ba ya barin tabo, aka rasa abin yi da shi shekaru, sai abokin aikinsa Art Fry ya tuna da shi a 1974 saboda takardun da yake sa alama da su a littafin waƙoƙin coci suna yawan zubewa. Gam ɗin *happy accident* ne, tunanin Fry kuwa shi ya mai da labarin *serendipity*. Hattara ɗaya: a kunnen mutanenmu *accident* haɗarin mota ne, don haka in masu karatunka 'yan gida ne, ka tabbata jimlar ta nuna abin da kake nufi tun kafin kalmar ta iso.

Saura tarkuna. *Fortuitous* asalinta Latin ne kuma ma'anarta ta farko “bisa katari” ce kawai, alheri ko akasinsa. Kamanninta da *fortunate* ya sa mutane suka ja ta zuwa ma'anar sa'a, kuma yau an saba da hakan, amma editoci masu tsauri suna ja mata layi in babu katari a cikin maganar. Haɗuwar da ba a shirya ba tana iya zama *fortuitous*. Samun iyaye nagari ba *fortuitous* ba ne, *fortunate* ne. *Coincidence* arashi ce tsura, ba ta ce alheri ba ba ta ce sharri ba. *Luck out* a bakin Ba'amurke tana nufin ya taki sa'a, amma wanda bai saba da ita ba yana iya jin kamar sa'a ta ƙare, don haka a bar ta in ba a san mai karatu ba. Fim ko waƙa ko haja da ta fito shiru daga baya ta mamaye kasuwa *sleeper hit* ce. Wanda kuma duk rikicin da ya shiga yake fitowa lafiya, kamar kyanwar da aka jefo, shi ake cewa “he lands on his feet”.

Babban tarkon namu na gida shi ne “I was opportuned to”. Ana jin ta a taruka, ana ganinta a takardun neman aiki, har ta zama kamar daidai. A Turancin da jami'o'in waje da kamfanoni ke karantawa babu wannan aikatau. *Opportune* siffa ce ta lokaci, kamar a ce “an opportune moment”, lokacin da ya dace, ba a yi wa mutum ita. Abin da ake so a faɗa shi ne “I had the opportunity to” ko “I was fortunate to”.

Ta biyun ce zan zaɓa wa duk mai rubuta takardar neman tallafin karatu ko aiki. *Lucky* tana sa mai tantancewa ya ji kamar kai ma ba ka yarda ka cancanta ba. *Blessed* tana da kyau a tsakaninmu, amma ba ka san wanda zai karanta ba. *Serendipity* tana yi in da gaske akwai labarin ganowa, misali kana binciken wani abu wani ya ɓullo ka bi shi, kuma sau ɗaya ta isa a takarda guda. *Fortunate* kuwa tana ɗauke da godiya, ba ta musun ƙoƙarinka, ba ta kuma cin karo da imaninka. Ka rubuta “I was fortunate to work under” ka ambaci malamin, sannan jimla ta gaba ta faɗi abin da kai ka yi da damar, da adadi in akwai.